Wasiyyar da Na Yi a Kan Tsanin Ƙarfe

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a arewacin Italiya ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta, ƴan gidanmu ne suka hana.

Ni ma'aikacin gona ne a Maiyama, haifaffen Gumbin Kure. Shekarun baya aka tura ni kwas na wata guda a kan yadda ake adana albasa kada ta ruɓe. Garin da aka sauke mu yana gindin tsaunukan Alps, irin tsaunin da sai ka dafe hula kafin ka ga ƙarshensa. A mako na biyu masu masaukinmu suka ce za a kai mu ganin wata tsohuwar ganuwar soja da aka sassaƙa a jikin dutse tun Yaƙin Duniya na Farko. Hanya biyu ce. Akwai ta ƙafa, mai zagaye, wadda tsofaffi ke bi da sanda. Akwai kuma wadda sojoji suka bi, ta tsanin ƙarfe da waya da aka kafe a jikin dutse.

Aka raba takarda, aka ce kowa ya rubuta ko ya taɓa hawa. Na tuna giginyar bayan gidanmu da na hau ina ɗan shekara goma sha biyu, na rubuta "ƙwarai kuwa". (Mutumin da dutse mafi tsawo da ya taɓa takawa shi ne tulin albasa a kasuwar Aliero.) Abokan kwas ɗina duk suka bi ta ƙafa, ni kaɗai aka sa a ta tsani. Har na ɗan tausaya musu.

Jagorarmu wata tsohuwa ce mai suna Marta, siririya, furfura fat, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Da na gan ta sai hankalina ya kwanta, na ce inda wannan baiwar Allah za ta hau ai ni da gudu zan hau. Ta sa mini kwalkwali, ta ɗaura mini ɗamara mai ƙugiya biyu, ta nuna mini yadda ake maƙala su a waya. Da ɗan Turancinta ta ce, "Kada ka cire biyun a lokaci ɗaya. Shi ke nan dokar."

Awa ta farko na yi abin kirki, gaskiya. Har hoto na ɗauka. Daga nan hanya ta tsuke, ta koma faɗin tafin ƙafa, na leƙa ƙasa na hango motoci kamar ƙwayar wake. Muka ratsa wani rami mai sanyi da sojoji suka haƙa, muna fitowa sai gajimare ya rufe mu ruf. Hannunka ma da ƙyar kake gani.

Marta ta ce saura tsani ɗaya, na sauka ne, sai mu isa ganuwar. Ta wuce gaba ta ɓace a cikin farin nan. Na bi ta, taki ɗaya, biyu, goma, ashirin. Sai na miƙa ƙafar dama ina laluben ƙarfe na gaba, na ji wayam. Na sake lalubawa. Babu komai sai iska.

A nan na sandare. Na rungume tsanin nan kamar uwata ce. Na karanta duk addu'ar da malaminmu na allo ya koya mini, har da ta shiga kasuwa. Ina jin muryar Marta daga ƙasa tana faɗin wani abu, amma iska da bugun zuciyata suka hana ni ji. Na tabbatar wa kaina cewa tsanin ya karye, tsohuwa ta faɗa rami, kiran da nake ji na neman ceto ne, kuma ni ne na gaba.

Sai na tuna Inna, mahaifiyata, da ta raka ni har bakin mota tana cewa in riƙa rufe ƙirjina saboda sanyi. Na saƙala hannu ɗaya a ƙarfe, na zaro waya da ɗayan, na danna saƙon murya. Nufina in aika wa matata. Yatsa ya kuskure ya danna zauren hirar ƴan gidanmu, mai mutum sama da arba'in.

Ba zan maimaita duka ba, minti huɗu ne. Na yi sallama da kowa. Na ce a kula da yara. Sai na ce, da kuka sosai, har da jan majina, "Inna, ki gahwarta mini. Akuyar nan da ta cinye irin albasar Baba, ni na kwance ta, ba Yaya Bello ba. Shi anka buga, ni ina bayan rumbu ina kallo. Yaya, ka yahe mini, ga ni zan gamu da Ubangijina."

Ina gama faɗin haka na ji an kama ni a idon sawu. Na kurma ihu. Daidai lokacin iska ta ɗage gajimaren kamar an ja labule.

Marta ce, tsaye a ƙasa daram, hannunta a ƙafata, ba ta ko yi ɗage ba. Tsanin ba karyewa ya yi ba, ƙarewa ya yi. Tsakanina da ƙasa bai kai tsayin turmi biyu ba. Kuma ƙasar nan ba rami ba ce, farfajiyar ganuwar ce, shimfiɗaɗɗiya, ga abokan kwas ɗina da wasu tsofaffi zaune a kan benci, kowa da burodinsa a hannu, sun daina tauna suna kallona. Wani abokina ɗan Nijar (wanda ke jin Hausa tsaf, Allah Ya isa) ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

Na sauko. Taki ɗaya ne. Wani dattijo ya tafa mini.

Marta ba ta yi dariya ba. Ta kwance mini ɗamara, ta ba ni shayi mai zafi a murfin gorarta, ta ja ni cikin ganuwar nesa da idon mutane. Ɗakuna ne na dutse, masu danshi, da ƴan tagogi da ake zura bindiga. Ta tsaya a ɗaya ta ce, "Inna, mama ke nan?" Na ce e. Ta gyaɗa kai. Ta ce kakanta ya yi hunturu biyu a ɗakin nan yana saurayi. Da ya tsufa ba ya son zancen yaƙi, abu ɗaya yake faɗi: idan wuta ta yi zafi, na wannan ɓangaren da na wancan, kowa uwarsa yake kira, kowa da yarensa. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Dutsen nan ya saba ji." Na tsaya ina kallon tagar, kunyata ta ɗan yi sauƙi.

Abin da ban sani ba shi ne, a kan tsani babu sabis, saƙon bai tafi ba. Da na goge shi a lokacin, da asirina ya rufu. Amma kunya ta mantar da ni, muka hau saman ganuwa kallon tsaunuka, waya ta samu sabis ta yi aikinta.

Bayan kamar awa ɗaya aljihuna ya fara rawa. Yaya Bello ne. Ashe yana kasuwar Jega saƙon ya same shi, ya bar buhunansa a hannun maƙwabci, ya hau mashin bai tsaya ba sai Gumbin Kure. Na ɗauka, na ji gida cike da hayaniya.

"Kana da rai?" in ji shi.

"Lahiya lau nike, Yaya."

"Ga Inna."

Na ji numfashinta kafin muryarta. Sai ta ce, "Alhamdu lillahi," sau uku, a hankali. Sannan murya ta dawo irin wadda na sani.

"Albasa anka aike ka koyo, ko hawan dutsi? Mi yak kai ka bisa?"

"Inna, kuskure ne."

"Ka ci abinci?"

Na ce na sha shayi. Ta ce shayi ba abinci ba ne. Na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, zancen akuya..."

"Na sani tun rannan. Ina ɗaki na gan ka kana kwance ta."

"To don mi kinka bari anka bugi Yaya?"

"Shi ma shina da nashi laihin da ba a kama ba. Na bari bugun ya biya mishi."

Na ji Yaya daga gefe yana salati, mata suna shewa. Ya karɓi wayar ya ce, "Shekara talatin nike jiran wagga magana. Na yahe, amma ka dawo gida tukuna, in ji ta baki da baki." Muryarsa na rawa, ya yi sauri ya kashe don kada in gane.

Da na dawo, Inna ta riƙe hannuna ta daɗe tana juya shi tana dubawa, kamar tana ƙirga yatsun. Ba ta sake tayar da zancen ba. Sauran dangi kuwa ba su da wannan kawaicin. Saƙon yana wayar kowa har yau, kuma duk taron suna ko biki sai wani ya kunna daidai wurin jan majinar.

Abin da na koya bai da yawa. In kana da laifin da za ka roƙi gafara a kansa, ka roƙa kana zaune a kan tabarma, cikin mutuncinka. In kuma har ta kai ka ga yin wasiyya a kan tsani, ka daure ka fara tambayar na ƙasa ko saura taki nawa.