Ɗari da Talatin Sau Ashirin da Biyu

"Lafiya lau na kwana, ganinki ne kawai ya ɓata min safiya," in ji tsohon, yana matsa wa jikarsa a kan bencin asibiti.

Ɗalibar ƙididdiga ce a jami'a. Shi kuwa direban motar kaya ne, shekara arba'in yana bayan sitiyari. Tun da jiri ya ɗebe shi a hanya, likita ya ce ya riƙa auna hawan jininsa safe da yamma tsawon wata guda yana rubutawa. Yau za a faɗa masa ko zai ci gaba da tuƙi. Mutum biyu ne a gabansu a layi.

"Miƙo littafin, angon ƙarni. Likita ba shi da lokacin karanta wannan tafiyar kazar da kake kira rubutu."

"Da wannan rubutun na sa hannu aka kai ubanki makaranta."

"Shi ya sa ya sha wahala."

Ta ɗora littafin a cinya, ta ja layi ta yi gida uku: ƙasa da ɗari da arba'in, daga nan zuwa ɗari da hamsin da tara, sai ɗari da sittin zuwa sama. Kowane awo ta karanta, sai ta ja masa 'yar sanda a gidansa, ta biyar ta gicciye huɗun.

"Kuɗin makarantarki duk a kan zanen tsintsiya ya ƙare?"

"Awo sittin ne. In na tara kowa a gidansa, kallo ɗaya likita zai ga inda jininka ya fi zama."

"Jinina ya fi naki hankali. Ke ko bene kika hau sai an yi miki fifita."

Aka kira mutum ɗaya. Ta ƙirga sandunan. Gidan farko ya cika maƙil, na biyu 'yan kaɗan, na uku babu ko ɗaya. Maimakon ta ji daɗi, sai ta ƙura wa littafin ido. Ta sake bin lambobin da yatsa.

"Tsoho, ɗari da talatin cif, sau ashirin da biyu?"

"Mutum ne ni mai magana ɗaya. Jinina ma haka."

"Na'urar nan ko sau biyu a jere ka auna, da wuya ta maimaita lamba. Yaushe ka zauna ka tsara wannan?"

"Kin ga abin da ya sa na fasa aurenki. Mace sai bincike kamar ɗan sanda."

"Ni na fasa. Wa zai auri mai yi wa likita ƙarya?"

Aka kira na biyu. Tsohon ya kafa wa ƙofar ido, yana murza gwiwarsa.

"In ya karɓe motar, me zan zama? Mai gadin tabarma?"

Ta rage murya. "In jirin ya dawo kana tsakiyar kasuwa da lodi fa, Kaka?"

Rabonta da kiransa Kaka har ta manta. Can ya cire hularsa, ya zaro wata takarda da ta sha ninki, ya ajiye mata a kan littafin ba tare da ya dube ta ba.

Awon gaskiya ne a ciki. Ta ja sababbin gidaje. Tara a na farko, ashirin a na biyu, talatin da ɗaya a na uku.

"Yaya, malamar tsintsiya?"

"Gidan sama ka tare, ango. Ko haya ba ka biya."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira lambarsa. Ya miƙe, ya laluba aljihu, ya damƙa mata makullin motar.

"Ungo sadakinki. Kin ci."

"Ba ni da lasisi."

"To, mun zama biyu. Tashi ki riƙe ni, kar su ce ba ni da mata."