Kotun Laka a Tsakar Gidana

Ba zan taɓa mantawa da dogon hutun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ba. Muna zaune a Kaura Namoda, damina ta kankama, yarana sun hana ni sakat. Na taɓa koyarwa a firamare kafin aure, kuma ina ji da kaina. Burina in koma aiki, amma maigidana ya ce sai abin da mahaifinsa, Baba Malam na Zurmi, ya yanke. Shi kuwa Malam damuwarsa ɗaya: in na fita, wa zai kula da tarbiyyar jikokinsa?

Da na ji zai zo, sai na shirya nuna masa gwaninta. Na sa aka ɗebo mini laka daga bakin gulbi, na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na ce kowa ya gina abin da ya ga dama, kada wanda ya kira ni. (A wata bita a Gusau aka koya mana haka: ka ba yaro kayan aiki, ka ɗauke idonka.) Na kuwa ɗauke, na shige kicin ina tuƙa tuwon dawa, ina jin daɗin shirun da gidan ya yi.

Bayan Malam ya iso ya ci abinci, na durƙusa na ce, "Baba, ga aikin da yara suka yi da kansu, ko hannu ban sa ba." Har sai da na maimaita.

Na zaci tukwane ne da 'yan rumbuna. Ashe kotu suka gina, don a lokacin ko a bakin rijiya zancen ke nan. Ga alƙali da ƙaton rawani, ga wani riƙe da tsinke a matsayin bulala, ga wata mata a durƙushe.

Malam ya gyara tabarau, ya dubi babbar 'yata. "Hadiza, wane na wanga mai rawani?"

"Kai na, Malam."

"To wagga hwa, mi tay yi?"

"Inna ta. Ita tac ce in ka hwara wa'azi har tuwo shi huce ba ka gamawa, kuma wai ba ka son ci gaba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Maigidana ya kama tarin ƙarya. Kuma wallahi na faɗa, ni da maƙwabciyata muna tsince wake, yaran suna gefe, ina ganin hankalinsu na kan wasa.

Malam ya daɗe yana juya matar lakar a hannunsa. Sannan ya ce wa ɗansa, "Bar ta ta koma makarantar. Zamanta gida ya hi yi ma ɗiyan ga illa."

Aiki dai na samu, amma har ya koma ga Allah ban sake kai masa abinci da hannuna ba. Yanzu in iyaye suka tambaye ni abin da za su ba yara lokacin hutu, laka nake ce musu. Sai in ƙara da cewa hannun yaro kawai take riƙewa, kunnensa yana nan a buɗe.