Rasuwar Gwaggo Mai Tsare Magani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai kula da kwamfutocin asibitin nan yake sanar da ma'aikata rasuwar Gwaggo, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, a hanyar ƙaura zuwa sabon rumbun bayanai.

Marigayiyar jerin umarni ce da wani injiniya ya rubuta ya ajiye cikin tsohon rumbun, tun kafin a ɗauki mai wannan sanarwa aiki. Injiniyan ya daɗe da riga mu gidan gaskiya. Aikinta da kowa ya sani shi ne, idan likita ya rubuta maganin da jikin majinyaci ba ya karɓa, ko ya haɗa biyu da ba sa ga maciji, sai ta yi "ƙit-ƙit-ƙit", ta hana takardar fita. Likitoci sun sha yi mata tsaki. Ba ta taɓa ramawa ba, ba ta kuma taɓa janyewa ba.

Ciwon ajalinta ya soma ne da aka sayi rumbun wani kamfani daban, masu sayarwa suka rantse ko allura ba za ta ɓata ba. Sunayen majinyata suka ƙaura lafiya. Ita kuwa Gwaggo da yaren tsohon gida aka rubuta ta, sabon gidan rabin maganarta yake ji. Tana sa rana kafin wata, shi yana sa wata kafin rana. Inda aka bar gurbi babu rubutu takan tsaya sai an cike, shi kuwa ya ɗauka lafiya ƙalau ne. Mai kula da ita ya yi jinyarta layi bayan layi har ta tashi ba ƙorafi. Ya zaci sauƙi ne ya samu.

Babbar nas ta ɗakin yara ce ta kawo masa labarin, riƙe da takardar allurar wata yarinya. Ta tuna bara allurar nan ta kumbura yarinyar har numfashi ya so gagararta.

"Malam, Gwaggo ba ta ce komai ba," in ji ta. "Takarda nawa suka fita tun safe?"

Ya miƙe ya bi ta. Haka suka bi gado-gado suna karɓe magani daga hannun masu jinya. Allah ya kiyaye, ba a rasa kowa ba. Shi dai har yau in wayarsa ta yi ƙara sai ya zabura.

Ta rasu ta bar ƙananan manhajoji da ke ta kiranta ba amsa, da mai haɗa magani wanda ya koma karanta kowace takarda da tabarau biyu.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar bayan azahar, a ɗaki mai sanyi da ke bayan ɗakin gwaji, inda za a kashe tsohuwar na'urar da ke ɗauke da tsohon rumbun, tunda izinin amfani da ita ya ƙare. Babu zaman makoki. Kafin a samu magajiyarta, kowace takardar magani sai mutum biyu sun duba. Ana kuma roƙon duk wanda ya san wani alherin da take yi a ɓoye ya zo ya faɗa kafin a zare waya, domin a cikinta an tarar da layukan da ba wanda ya gane, kuma suna ambaton ɗakin ajiyar jini.