Ƙugiya Ɗaya da Ta Kusa Watsa Taron Ma'aikata

Abubuwa da yawa na zamana a Arlit sun fita raina, amma ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na tsaya gaban jama'a ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin kasuwar uraniyom ta faɗi, kamfani yana ta sallamar mutane. Fari ya koro makiyaya cikin gari, hanyar Agadez kuwa sai da rakiyar soja saboda tawaye. Ni mai buga mashin ɗin rubutu ne a ofishin sendikarmu, wato ƙungiyar ma'aikata, kuma Faransanci kaɗai nake bugawa. Sai sakatarenmu, Malam Sani, wani dattijo ɗan Maraɗi, ya ce wannan karon da Hausa za a fitar da sanarwa, don leburori da direbobi su ji da kunnensu kafin su sa hannu a takardar kokenmu.

"Za ka iya?" in ji shi.

"Haba Malam! Ni fa ɗan Damagaram ne."

(Ban gaya masa ba cewa ko wasiƙar gida da Faransanci nake rubutawa, sai Inna ta nemi mai fassara mata.)

Mashin ɗinmu ba shi da haruffa masu ƙugiya. Ban karaya ba. Na buga a kan stensil, takardar da ake murza kofe da ita, na ɗauki allura na bi ina lanƙwasa wa haruffa kai da hannu. Da farko ina furta kalma kafin in taɓa ta. Can sai abin ya yi mini daɗi. Duk "k" ɗin da na gani babu ƙugiya sai in ga kamar ya fito ba hula, in sa masa. Na murza kofe masu yawa ina jin kaina.

Ranar Asabar da hantsi rumfar bayan ofis ta cika, har da mutanen Akokan, garin ma'aikata da ke kusa da mu. Muryar Malam Sani ta dushe, sai ya tambayi wanda zai karanta. Agali ya miƙe, wani Ba'abzine direban babbar mota, wanda ya koyi karatun Hausa a ajin yaƙi da jahilci. Ya gyara rawaninsa, ya ɗora yatsa a kan layi, ya ɗaga murya:

"Sendika ta yi alkawari za ta ƙare ma'aikata gaba ɗaya. Za ta ƙare su, da su da iyalansu."

Jama'a suka dubi juna. Mutanen da rabinsu takardar sallama na aljihunsu! Wani tsoho daga baya ya ce, "To, kamfani ya fara, ku za ku ƙarasa mu ke nan?" Hayaniya ta tashi, wasu suka fara neman takalmansu.

Malam Sani ya zabura da dusasshiyar muryarsa: "Kare! Kare muka ce!"

"Wane ne karen?" in ji tsohon, ya yo gaba.

Agali bai ko motsa ba. Ya miƙa wa Malam takardar ya ce, "Malam, ni abin da takarda ya ce na karanta. Ga ƙugiya nan a kansa."

Malam Sani ya duba, ya juyo ya dube ni. Duk rumfar ta bi idonsa. Na miƙe na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Kare ku za a yi, wato tsare muku haƙƙi. Ƙugiyar tawa ce, ni na ƙara." Wani ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Amma ranar ba a sa hannu ba, aka ɗage zuwa wani mako. (Sunan "Mai Ƙugiya" kuwa ya bi ni har kasuwa.)

Da aka watse, Agali ya kira ni gindin motarsa, ya ciro wani ɗan littafi da ya sha hannu, na ƙa'idojin rubutun Hausa da malamarsu ta ba su. "Ka riƙe kwana uku," in ji shi, "ni ma da shi na koya."

Na karɓa da hannu biyu. Cikin kwana ukun na kwafe shi kaf a littafina: inda ake sa ƙugiya, inda ake raba kalma, inda babban baƙi yake zama. Na buɗe shafi na musamman ina jera kalmomi masu ruɗi: ƙasa da kasa, ƙura da kura, ɓata da bata. Na sake buga sanarwar, na kai wa Agali ya bi ta da yatsa, ya kamo mini kuskure biyu, na sake bugawa. Asabar ta gaba aka karanta lafiya, mutane suka sa hannu.

Yau gyaran rubutun wasu shi ne sana'ata, kuma ba na fara aiki sai littafin ƙa'ida yana buɗe a gefena. Takarda ba ta iya cewa "ba haka nake nufi ba." Sai dai mai ita ya miƙe gaban jama'a ya faɗa da bakinsa. Na gwada, babu daɗi.