Jatau da Bututun Injin Busar da Kaya

A Tudun Makera akwai wani mai wanki da guga, Malam Barau, yana zaune da matarsa Atine da jaririyarsu da ƙanensa Jatau. Jatau ya ba talatin baya, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta. Da damina ta hana shanya bushewa, Barau ya sayo tsohon injin busar da tufafi mai aiki da gas, ya girka shi a ɗakin wanki. Tun daga nan hankalin gidan bai sake kwanciya ba.

Wata rana Barau ya ba Jatau bututun roba biyu da gwangwanin gam don ya haɗa su a ja ruwa, ya gargaɗe shi cewa warin gam ɗin yana hawa kai. Jatau ya tsorata. Ya kifa kwano a kansa, ya rufe ƙofa da taga don kada wani warin ya shigo ya taya wannan hawa. Da Atine ta ji shirun ya yi yawa sai ta tura ƙofa, ta same shi yashe a ƙasa, idanu sun juye. Aka ja shi tsakar gida aka yayyafa masa ruwa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ta ina warin ya hau, tunda ya rufe kan.

Wata rana kuma Barau zai tafi kai kaya, ya ce masa ya fitar da bututun iskar injin daga ɗakin. Jatau ya huda bango mafi kusa ya zura shi. Bututu kam ya fita daga ɗakin, amma bayan gadon Atine ya faɗa. Injin na ta aiki, Atine na kwance da 'yarta, kanta na sara, ta rasa dalili. Ta ɗaga jaririyar ta ji jikinta ya saki. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba ta ruga asibitin gari. Malamar asibiti ta ce iskar gas suka shaƙa, da an ƙara jimawa da sai dai wani labarin. Kwana biyu Barau bai iya cin abinci ba.

Sai ya yi aikin da kansa. Ya haɗa ragowar bututun roba, ya bi da shi ta cikin silin, da lanƙwasa har uku, har bayan gida.

Wata rana, bayan 'yan makonni, kaya suka daina bushewa, ɗakin kuma sai zafi. Barau ya share gumi ya ce, "Bututun nan shi zai kashe ni." Ya fita neman mai gyara.

Jatau ya ɗauki maganar da gaske. Duk duniya ba shi da kowa sai wannan yaya. Ya kashe injin don kada ya kawo wa bututun ɗauki, ya ɗauko gatari, ya hau tebur ya fasa silin, ya dinga saran bututun.

Barau ya dawo da mai gyara, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ƙauri ya tare shi. Cikin bututun cike yake da burbushin zaren tufafi, ya dunƙule ya yi baƙi, hayaƙi na fita a hankali. Robar ta narke daidai inda ta jingina da katakon rufi. Mai gyara ya ce roba ta ruwa ce. Iskar zafi sai bututun ƙarfe, gajere, kai tsaye waje, a riƙa share shi. Ya ce da ba a kashe injin an sare bututun ba, kafin la'asar rufin nan zai kama da wuta.

Barau ya zauna a ƙasa. Jatau ya leƙo daga kan tebur, gatari a hannu.

"Yaya, ya mutu, ko in ƙara masa?"