Yadda Na Toshe Wa Jirgi Magudana

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da ina son mantawar, shi ne ranar da jirgin sama ya yi mini wanka a gaban jama'a. Da ana komawa baya a goge aiki, da shi zan fara gogewa, kafin ma in waiwayi shirmen ƙuruciya. Abin haushin ma ba a ƙuruciya na yi shi ba. Da furfurata na yi shi, ina da jikoki.

Ni mai gyaran famfo ne tun tasowata a Ƙofar Ƙaura. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma da ƙyar aka rabu lafiya. Amma a harkar bututu ban yarda akwai wanda ya fi ni ba a birnin Katsina. Mu a sana'armu ɗigo abin kunya ne. In ka yi aiki a gida ya ci gaba da ɗiga, kafin la'asar matan unguwa sun gama da sunanka. Don haka ni ko baƙunta na je, in na ji ɗis, ɗis daga bayan gida, hira ba ta shiga kunnena sai na tashi na duba (matata ta sha jan rigata a gidan mutane saboda wannan hali).

Da gwiwa ta fara hana ni tsugunno a bakin kwatami, sai maƙwabcina Injiniya Kabiru ya tausaya mini. Yaro ne da aka haifa a gabana, ya yi karatun gyaran jirgi, yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai jirgi ɗaya tak da ake ɗauka haya. Shi ya tsaya mini aka ɗauke ni aikin share rumfar da ake ajiye jirgin, da goge ƙasa, da wanke jikin jirgin in ya dawo. Ranar farko ya ja ni gefe ya ce:

"Baba, ka share, ka wanke, ka goge. Amma don Allah don Annabi kada ka gyara komi a jikin jirgin nan. Ko ƙusa ka ga ta karkace, kira ni. Ni ke sa hannu cewa lafiyarsa lau kafin ya tashi."

Na ce, "Haba Kabiru, ni yaro ne?"

A majalisarmu ta bayan sallar la'asar kuwa, ba a daɗe ba aka fara kira na Injiniya. Ban ce a kira ni haka ba, amma ban hana ba. In aka ji ƙugin jirgi a sama, sai kowa ya juyo ya dube ni, ni kuma in ɗaga kai in saurara, in ce, "Wannan yana buƙatar juyen baƙin mai." Sai a jinjina kai.

To, damina ta shigo, sai na lura da wani abu. Duk lokacin da jirgin ya dawo aka turo shi rumfa, sai ya yi ta ɗiga. A ƙarƙashin cikinsa akwai wasu 'yan bakunan bututu ƙanana, kamar na butar shayi, daga nan ruwan ke fitowa. In goge ƙasa tas, in juya, ɗis. In sake gogewa, ɗis. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon jirgin. A raina na ce, ka ji masu karatu! Sun iya ɗaga ƙarfe sama ya yi shawagi, amma ɗan ɗigon da yaron shagona zai kashe kafin shayi ya huce ya gagare su.

Na san Kabiru ya ce in kira shi. Amma na yi wa kaina fatawa cewa toshe ɗigo ba gyaran jirgi ba ne, taimako ne. Kuma na so in ba shi mamaki.

Wata rana da hantsi, Kabiru ya shiga ofis, sauran ma'aikata sun tafi cin abinci, na fito da kayan aikina daga jaka. Na yanko robar cikin tayar babur siri-siri, na murɗa ta kamar lagwani, na naɗe ta da farin tef irin namu na masu famfo, na tura cikin bututun da tsinken waya. Na tura ciki sosai, don kada ya leƙo ya ɓata wa jirgin ado. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya tun daga goshi har wutsiya. Gaskiya in an cire abin da ya biyo baya, aiki ya yi kyau. Ɗigo ya ɗauke ɗif. Ƙasar rumfa ta bushe har kana iya shimfiɗa darduma ka yi salla a ƙarƙashin jirgin.

Jirgi ya ci gaba da tashi yana dawowa, ni kuma ina jiran ranar da wani zai lura ya tambayi wane gwani ne ya yi wannan.

Ana nan sai Kabiru ya tara mu ya ce umarni ya zo daga hukuma, duk jirgi irin namu dole a binciki magudanan ruwan da ke cikinsa, kuma ba zai sake tashi ba sai mai bincike ta zo ta gani da idonta. Da na ji an ce magudanan ruwa, sai zuciyata ta yi fari. Na ce to, ranar yabo ta zo. Na je Babbar Kasuwa na sayo sabuwar hula. Ranar binciken na zura farar shaddata ta sallar idi, ko rigar aikin ban ɗora a kai ba. Matata ta bi ni da kallo har ƙofa, ta ce, "Malam, shara za ka ko ɗaurin aure?" Na ce mata harkar jirgi ba a bayyana ta a gida.

Mai binciken wata Hajiya ce, gajera, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da iyali, sannan ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta karɓi tocila. Aka ɗaga wani murfi a daɓen cikin jirgin. Ta ce za a zuba ruwa kaɗan daga ciki, a ga ko zai fito ta ƙasa. Aka ba ni bokiti aka ce in tsaya ƙarƙashin bututun farko in tara.

Na tsaya ina murmushi. Na san ko ɗigo ba za a gani ba.

Sai na ji muryarta daga ciki: "Dakata, kada ka zuba. Injiniya, zo ka gani. Ruwa ne kwance a nan."

Murmushina ya ragu, amma bai tafi duka ba.

Suka sauko. Kabiru ya durƙusa ya haska bakin bututun, goshinsa ya yi zufa. Ya ce, "Hajiya, ina jin zanzaro ne. Da damina sukan shiga su yi ginin laka a ciki."

Ta ce, "Yana yiwuwa. Abin da ya sa aka ce a duba ke nan."

Sannan ta juyo gare mu, mu masu shara da masu turin jirgi, ta yi mana bayani a hankali, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Ta ce jirgi yana gumi. In ya hau sama cikin sanyi ya sauko cikin zafi, raɓa na taruwa a cikin jikinsa, ga ruwan sama da ke silalowa. Duk yana gangarawa ƙasan cikinsa, kuma waɗannan 'yan bututai aka yi don ya fita. In suka toshe, ruwan ya kwanta ya ci ƙarfe da tsatsa. Mafi muni, can sama sanyi ya fi na firiza, ruwan sai ya zama ƙanƙara. A wurin kuma akwai igiyoyin ƙarfe da matuƙi ke ja don ya juya jirgin. In ƙanƙara ta riƙe su, ya ja, ba su zo ba.

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba wanda ya nemi ta ƙarasa.

Ni dai na ji bokitin hannuna ya yi nauyi alhali ba komi a ciki. Na tuna makon da ya wuce jirgin ya ɗauki wata tsohuwa mara lafiya da 'ya'yanta zuwa asibiti a wani gari. Ni na riƙe mata jaka har bakin tsani, har tana sa mini albarka.

Hajiya ta zura siririyar waya mai ƙugiya cikin bututun. Ta juya, ta ja, ta sake ja. Sai ga lagwanina ya fito, fari tas, naɗinsa bai ko warware ba, ruwa ya biyo bayansa tsirrr cikin bokiti. Ta ɗaga shi sama ta juya shi a gaban tabarau.

"Injiniya," ta ce, "zanzaron Katsina har farin tef yake saye?"

Wani daga cikin masu turin jirgi ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

Ta daina wasa. Ta ce, "Wa ya taɓa nan? Kai ke sa hannu a jirgin nan. In ba ka san abin da ke cikinsa ba, to lasisinka zai bi ni yau, sai an zauna a kanka."

Kabiru ya dubi tef ɗin. Ya san naɗin, don irinsa ne a famfon gidan mahaifiyarsa. Amma bai ko kalli inda nake ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, alhakin jirgin a wuyana yake."

A nan shaiɗan ya matso kusa da kunnena. Ya ce yi shiru, tsoho, ba wanda ya gan ka, zanzaro ma bai musa ba. Kuma wallahi na saurare shi na ɗan lokaci, ba zan ɓoye muku ba. Amma yaron nan da karatunsa yake ci da gidansu gaba ɗaya, ga shi zai ajiye shi a ƙasa saboda tsohon da ya samar wa aikin shara.

Na so in yi magana mai tsari, irin ta dattijo. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Hajiya, akwai saura a baya."

Hajiya ta juyo. Ta sauke tabarau ta dube ni daga sabuwar hula har takalmi.

"Baba, mi ka ce?"

"Na ce akwai saura. Ni na sa. Ɗiga yake yi."

"Ɗiga yake yi," ta maimaita. "Sai ka yi mashi magani."

"Sana'ata ce, ranki ya daɗe."

Kabiru ya dafe kai ya ce, "Baba! Mi na ce maka ranar farko?"

Na ce, "Ka ce kada in gyara. Ni ban gyara ba, toshewa na yi." (Ko a lokacin ina jin maganar tana fita na san ba ta da kai.)

Hajiya ta miƙo mini wayar. Ta ce tunda ni na san inda na binne su, ni zan tono su, tana tsaye tana gani. Haka na bi ƙarƙashin jirgi da rarrafe cikin farar shadda, ina zaro lagwani ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata na biye da ni kamar ana rakiyar ango. Na ƙarshe yana can baya, wurin da cikin jirgin ya fi gangarowa, kuma shi na fi matsewa don shi ya fi damuna da ɗigo. Ya ƙi fitowa. Na kwanta rigingine, na kafa ido a bakin bututun don in ga inda ƙugiya ta kama, na ja da ƙarfi.

Jama'a, ruwan damina guda ne ya sauko mini. Ja ne kamar jiƙon kanwa, ga sanyi, ga wari irin na tsohuwar randa. Ya shiga ido, ya shiga hanci, ya shiga bakin da na buɗe zan yi salati. Sabuwar hula ta bi ruwa ta yi gaba. Na tashi ina tari, shadda ta manne mini a jiki ta koma kalar ƙasa. Wannan karon ba wanda ya haɗiye dariya, har Hajiya sai da ta juya baya kafaɗunta na rawa.

An tsayar da jirgin aka buɗe cikinsa aka busar, aka bi ko'ina ana neman tsatsa. Allah ya rufa asiri, ba ta ci ƙarfe ba. Kabiru ya sha faɗa, an kuma ja masa kunne a kan barin mai shara shi kaɗai da jirgi, amma lasisinsa bai bi Hajiya ba. Ni kuwa aka ce kada ƙafata ta sake taka rumfar. Da na je ba shi haƙuri a gida, sai ya ce, "Baba, da ka yi shiru da na rufa maka. Amma da ban sake gaishe ka ba." Har yau yana gaishe ni.

A majalisa ban san wanda ya kai labari ba. Na dai tarar an daina ce mini Injiniya, kuma in jirgi ya wuce a sama sai wani ya tara hannu ya ce, "Malam, duba mana, ko yana ɗiga?"

To ku da kuke karantawa, musamman masu sana'ar hannu irina da muke ganin mun iya komi, roƙona ɗaya ne. Kada ku yi irin tawa. In kun ga rami a jikin abin da ba ku kuka ƙera ba, ku tambaya kafin ku cusa masa wani abu. Tambayar da na ƙi yi ba ta fi a ce "Kabiru, wannan fa?" ba, kuma da na yi ta, ko hulata ba za ta jiƙe ba.