Rasuwar Jarumi Ɗan Marfi, Wanda Aka Ci Wa Maki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Auta na sanar da rasuwar jaruminta, Ɗan Marfi, wanda ajali ya riska a ƙarƙashin teburin falo.

Marigayin marfin kwalba ne. Auta ce ta ɗiga masa idanu da jan farce, ta shigar da shi wasan nan da 'yan gidan ke yi a ƙarshen mako, inda Yaya Babba ke ba da labari, kowa ya tura jaruminsa, a jefa ɗan ludo, wanda ya yi bajinta a ba shi maki ya hau mataki. Bai taɓa faɗa wa kowa baƙar magana ba. Iyakar abin da aka ji daga bakinsa shi ne "ƙwas, ƙwas" in ana matsar da shi. A nan ya biyo mai shi.

Ciwonsa ya samo asali daga dokar Yaya Babba, wadda ta ce maki na wanda ya kai saran ƙarshe ne. Da wannan doka mijin Anti ya kai sojansa na ƙarfe mataki na tara, ba da kisan komai ba sai ɓeraye da kwaɗi. Marigayi kuwa yana matakin farko tun shigarsa.

Ranar da dodo mai kai uku ya fito, sojan ƙarfe ya laɓe bayan kofin shayi, wai yana nazarin fili. Ɗan Marfi ya tsaya shi kaɗai, da ƙaramar sandarsa. Auta na jefa ɗan ludo, sa'a na zuwa, har kai biyu suka faɗi. Sai ga gwarzon sojan ya leƙo, ya dungure na ukun da ya riga ya galabaita.

"Doka doka ce, Auta," in ji Yaya Babba, ya juye wa surukinsa makin duka. "Ke ma ga ɗaya, na halarta."

Ɗaya. Ladan kashe ɓera ke nan.

"A bar manya su yi aiki!" in ji mijin Anti, ya daki tebur don murna. Marigayi ya yi tsalle, ya gangara, ya yi "ƙirrr" ɗinsa na ƙarshe, takalmin mijin Anti ya kammala abin da dodo ya kasa.

Ya rasu ya bar Auta, da kwalbar da ya fito daga kanta, da soja ɗaya da har yau bai san kalar gaban dodo ba.

Za a binne shi gobe da hantsi a tukunyar fulawar da ke bakin ƙofa. Ba a buƙatar jawabi daga Yaya Babba. Ana roƙon mijin Anti ya zo ba takalmi.

Ana kuma sanar da jama'a cewa ɗan ludon nan mai fuska ashirin, wanda babu irinsa a gidan, na Auta ne, kuma tare za a rufe su. Mai son a tono shi ya taho da makin kai biyu.